Lokaci Bai Yi Ba, Lokaci Ya Wuce

A Sandamu akwai wata hukuma da ba gwamnati ce ta kafa ta ba. Ba ta da kasafin kuɗi, ba ta yajin aiki, ko ranar Sallah ba ta fashin zama. Ofishinta benci biyu ne da tabarma a gindin darbejiya, dab da teburin mai shayi, kuma tana da rassa a Fago da Katsayal da Kwasarawa da Rijiyar Tsamiya, har cikin birnin Daura. Aikinta ɗaya ne: tantance burin jama'a. Duk wanda ya kwana da wani abu a ransa, gari ya waye bakinsa ya suɓuce ya faɗa, to takardarsa ta iso teburinmu. Na ce teburinmu, domin ni ma ina da gurbi a bencin, kuma ba na wasa da zuwa aiki.

Hatimi biyu gare mu kacal. Ɗaya na cewa lokaci bai yi ba, ɗayan na cewa lokaci ya wuce.

Saurayi ɗan shekara 22 zai zo ya ce yana so ya tafi Kano koyon haɗa wutar sola. Sai babban cikinmu ya kurɓi shayi ya ce, "Kai ɗan nan, gaggawar me kake yi? Bari ka yi aure hankalinka ya zauna wuri ɗaya." Ya yi aure. "Yanzu da amarya a ɗaki za ka kama hanya? Bari ta haihu." Ta haihu. Bari a yi suna. Bari a yaye. Bari damina ta wuce, bari a kai amfani gida, bari a ga yadda zaɓe zai kaya. Ana nan ana nan, wata safiya, ba shela ba goron gayyata, ya sake tayar da maganar, sai a kalle shi a yi salati: "Haba wane, da girmanka? Da furfura a gemu za ka je ka durƙusa gaban sa'an ɗanka yana aikenka sayen kusa?" Jiya da la'asar yaro ne, yau da hantsi ya zama dattijo. Na daɗe ina zargin cewa lokacin da ya dace ɗin yakan zo ne tsakanin ƙarfe biyu da ukun dare, ya yi sallama a ƙofar gida, ya ji shiru, ya wuce.

Ba da wannan halin aka haife mu ba. Shiga kowace firamare ka tambayi 'yan aji uku abin da suke so su zama, za ka tarar da likitoci da matuƙa jirgin sama da janar-janar da gwamnoni, a cunkushe kan benci ɗaya. Manomi ne kawai ba za ka samu ba, alhali kowa da tuwon gero ko na dawa ya kwana. Sai an zauna JAMB sau biyu likitan zai sauko ya ce duk kwas ɗin da aka ba shi yana so.

Da yake lokaci ya raina mu, mu ma mun samo hanyar ramawa. Muna zuwa kotu mu yi rantsuwa a gyara mana shi. Hukumar yi wa ƙasa hidima ta ce wanda ya haura 30 lokacin da ya gama karatu an yafe masa, sai aka wayi gari ba mai haura 29, ko da kuwa 'yarsa ta fari ta isa kai talla. Aikin gwamnati ya ce shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa mutum ya tattara komatsansa, sai ga ƙane ya girme yayansa a takarda, ga tagwaye da tazarar shekara huɗu a tsakaninsu. Rabin gari kuwa ranar 1 ga Janairu aka haife su, abin da ya sa nake tausaya wa ungozomomin da. Yanzu da aka zo da NIN da BVN, mutum ɗaya sai ka same shi da ranar haihuwa uku, kuma kowacce da shaidu. Ranar da ya yi ritaya kuwa sai ya kwaso shekarun da ya ɓoye, ya ɗora wasu biyar a kai, don a riƙa ba shi gaban tabarma a wajen ɗaurin aure.

Amma babbar hujjar hukumarmu, wadda ake zarowa idan gardama ta yi zafi, ita ce marigayi Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa. Ka ce wa ɗan shekara 45 da ke kishingiɗe, "Malam, yaushe za a fara kiwon kajin nan da ake ta faɗa?" Sai ya gyara hula ya ce, "Ai Baba ma sai da ya kai 72 sannan Allah ya ba shi." Gaskiya ne. An haife shi a Daura a Disambar 1942, aka rantsar da shi zaɓaɓɓen shugaban ƙasa a 2015. Abin da ake tsallakewa shi ne tsakiyar labarin. Ya fito a 2003 ya faɗi. Ya fito a 2007 ya faɗi. Ya fito a 2011 a CPC, jam'iyyar da ko shekara biyu ba ta cika ba, ya sake faɗi, har da hawaye a bainar jama'a wajen rufe kamfe. Kowane karo sai da aka bi shari'a har Kotun Ƙoli. Kafin duk wannan, ya yi sama da shekara uku a tsare bayan juyin mulkin 1985. Shekara goma sha biyu yana faɗuwa duniya na kallo, mu kuma a bencinmu mun ɗauki darasin cewa abin da ake bukata shi ne a zauna a jira 72 ta cika. Ba mu taɓa faɗuwa ba, alhamdu lillahi. Wanda yake kwance ina zai faɗa?

Tsakanin 2015 da 2023 kuwa, burin kowa a masarautar nan ya koma abu ɗaya, wato takarda daga Abuja. Asali ya yi arha. Wanda kakarsa ta taɓa sayar da fura a unguwar su Baba ya zama ɗan uwa na jini. An ɗinka manyan riguna an ajiye saboda ranar rantsarwa, wasu har yau ko kari ba a warware ba. Aka kawo kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya Daura a 2019, aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a ƙarshen shekarar, ga Kwalejin Yusuf Bala Usman da ma tana nan. Karatu ya zo har bakin ƙofa, tafiyar ɗan acaɓa. Hukumarmu ta zauna a kan lamarin, ta yanke cewa abin da ya kamace mu a makarantun nan shi ne kwangilar kawo tebura. Da aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, sai aka samu sabon wa'adi. "In jirgi ya fara tsayawa Daura, ka ga wannan ɗan filin nawa? Shaguna goma sha biyu." Me za a sayar a ciki, Kawu? "Kai dai jirgi ya zo."

Ina ganin gado ne. Labarin da muke alfahari da shi ya ce macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, kuma gari guda ya haƙura da haka, kowa ya tsara ƙishirwarsa daidai da mako, har baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa aka ce masa ranar ba ta zo ba. Baƙon nan, Bayajida, bai san dokar hukuma ba, ya karɓi guga ya fita da dare ya kashe macijin. Abin da ya fi burge ni shi ne washegari, lokacin da Sarauniya Daurama ta nemi wanda ya yi aikin, mazaje suka yi ta fitowa kowa na cewa shi ne, har sai da aka ce a kawo kan macijin. Wannan ɓangaren mun riƙe shi da kyau. Yaron da muka hana tafiya, idan ya yi kunnen ƙashi ya tafi, ya dawo bayan shekara biyar da shago da yara uku a ƙarƙashinsa, ba wanda zai riga mu cewa, "Ai ni na ba shi shawara."

Buri biyu ne kawai ba ma buga wa hatimi, ƙarin aure da takara. Dattijo mai shekara 70 ya ce zai ƙara, sai benci ya ɗauki kabbara, wannan ya ce jini bai tsufa ba, wancan ya ce goro a wuyansa. Shi dai wannan dattijon, ya ce yana so ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya iya rubuta sunansa kafin ya mutu, sai a kira babban ɗansa gefe a ce a sa ido a kan Baba, kwanan nan maganganunsa sun fara sauyawa. Na taɓa ba su labarin Kimani Maruge, mutumin Kenya da ya shiga aji ɗaya na firamare a 2004 yana da shekara 84, da gajeren wandonsa na makaranta da sandarsa, bayan gwamnatinsu ta mayar da firamare kyauta. Aka yi shiru, sannan wani ya ce, "Ba shi da 'ya'ya ne da za su hana shi?" Takara kuwa, tun da aka sa hannu a dokar rage shekarun tsayawa a 2018, ɗan 25 na iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Mun yi murna ƙwarai, domin yanzu masu liƙa mana fosta sun san doka.

Kada a ce ban yi adalci ba. Akwai burin da ba mu muka kashe shi ba. Mutum ya kai bijimai biyu kasuwar Mai'adua, ya haɗa da kuɗin riɗi da na wake, ya nufi kujerar Makka. A 2023 ba ta kai naira miliyan 3 ba, a 2025 ta haura miliyan 8. Yana tarawa tana gudu, kuma ta fi shi sauri. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, mai gida da yawa burinsa bai wuce a ɗora tukunya sau biyu a yini ba, kuma wannan ba abin dariya ba ne, ko a shafin raha. Laifinmu yana wajen ƙananan burace-buracen da ba sa cin ko sisi sai ɗan jure dariyar mutane. Malamin makarantar da ya yi ritaya yana son kiwon tantabaru. Direban da ke son komawa allo ya sauke. Magidancin da tun yana yaro yake sha'awar ɗinkin hula. Waɗannan mu ke binne su, da "me mutane za su ce", alhali mutanen mu ne, mu shida, kuma biyu daga ciki bashin shayi ake bin su.

Mata kuwa takardarsu ba ta ma isowa benci, a cikin gida ake gamawa da ita. "Ki yi aure, kya ci gaba da karatun a ɗakinki." Ango ya yi alkawari gaban waliyyi, alkawarin ya riga lallen amarya goguwa. Sai dai mata sun gano abin da mu ba mu gano ba, ba sa shela. Adashi ne a hankali, kwasa ta farko akuya, akuya ta zama tunkiya, tunkiya ta zama keken ɗinki, keke ya jawo injin markaɗe. Ranar da mai gida zai farga, ana neman sa hannunsa ne a matsayin shaida wajen cinikin fili.

Wata dattijuwa a unguwarmu, ta ba 60 baya, ta gaji da miƙa wa jikanta waya ya nemo mata lambar 'yarta, yana cajinta naira hamsin duk kira. Ba ta shawarci kowa ba, ta ɗauki mayafi ta bi matan da ke zuwa ajin manya da yamma. Maigidanta, ɗaya daga cikin manyan hukumarmu, ya ce a ƙyale ta, mako biyu ta gaji. Shi kuwa wata uku ke nan yana shigowa gida da dogon tsaki, wai fansho shiru, a yi ta haƙuri da miyar kuka ba nama.

Ran nan yana alwalar magariba, wayarsa na kan tabarma, ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta nisanta ta da ido, ta matso da ita, ta ce, "Malam, ga saƙo nan. Turancin ba mu kai nan ba tukuna, amma lambobin na gane su. Huɗu ne da biyu, sai sifili uku a bayansu. Ga wani irinsa na watan jiya, ga kuma na wancan watan."

Malam ya wanke ƙafar hagu sau biyar.

Washegari aka ci kaza a gidan. Kafin mako ya zagayo mata huɗu sun ƙaru a ajin, kuma dukkansu matan 'yan bencinmu ne. Malam da kansa, mai shekara 68 a takarda, ya shiga neman ilimi gadan-gadan: kullum bayan isha'i yana zaune a zaure gaban jikan nan, ana koya masa yadda ake goge saƙo da sa wa waya lambar sirri. Naira ɗari biyu yaron ke karɓa duk darasi. Lambar kuma yana sayar wa kakarsa a ɗari uku.