Ƙa'idojin Shirya Dogon Fim na Gwaji a Karaye da Rogo

Fim ɗin gwaji, a wurin masana harkar, shi ne wanda ake shiryawa ba don kasuwa ba, a nuna shi a ƙananan ɗakuna ga 'yan tsirarun masu haƙuri, kuma a wani reshe nasa daraja takan ƙaru ne gwargwadon tsawo. Jagoran wannan reshe shi ne Andy Warhol na Amurka, wanda a 1964 ya kafa kyamara tana fuskantar wani dogon bene, ya fitar da Empire, fim mai awa 8 da minti 5 wanda babu magana a cikinsa, kuma babban abin da ke faruwa shi ne kunna fitilu da kashe su.

Mai son bin wannan tafarki a masarautar Karaye ba ya buƙatar bene, domin madatsar ruwa ta Challawa ta wadatar. Abin da ake so shi ne ya kafa kyamara a bakin ruwa bayan sallar asuba ya wuce gona, kuma idan masunci ya gifta da kwalekwale wajibi ne a sake ɗauka daga farko, saboda motsi irin wannan yana iya jawo zargin cewa fim ɗin yana da labari. Wanda burinsa ya zarce haka sai ya yi koyi da Logistics na ƙasar Suwidin, mai awa 857, wanda ya fito a 2012 yana bin sawun wata 'yar na'ura daga kanti har masana'antarta a ƙasar Sin. Mai wannan buri kuwa ya isa ya bi buhun masara daga kasuwar Dawanau zuwa gonar da aka noma shi a Rogo, ba tare da tsallake shingen bincike ko ɗaya ba.

Wahalar tana wajen nunawa, domin mai gidan kallo zai lissafa man janareta ya kuma tuna da ƙwallon Ingila na ranar Asabar, sannan ladabi ya hukunta a tausaya wa ma'aikatan Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, waɗanda aikinsu ne su duba fim kafin a sake shi.

Tsawo dai ba ya razana mutanen da suka bi shirin Izzar So mako-mako tun 2020, amma ba za su yafe wa fim ɗin da babu waƙa, babu kishiya, babu rigimar gado ba. Saboda haka kujera ɗaya ta ishi ranar nunawa, kuma darakta ne zai zauna a kanta.