Taubashina zai sayi garmaho da kuɗin albasa

Taubashi, ɗan gwaggona, bawan gidanmu na gado, ga gaisuwar ubangida. Labari ya iso mini tun kafin ka huce gajiyar hanya. An ce albasa ta yi kuɗi bana, ka kai kasuwar Acida ka komo Maikujera aljihu a kumbure, kuma maimakon ka tayar da katangar gwaggo da damina ta zubar, sai ka ce garmaho za ka saya. Ba ma kowane garmaho ba, wai sai Technics SL-1200, wanda ka hango a wayar wani yaro. Kai da kake ɓara goro ɗaya ka ci shi kwana uku!

Ban hana ka ba. Na san abin da ke cin ranka: kwalin fayafayan nan da ka kwaso daga ɗakin kawunka, wato babana, ba da izinin kowa ba. Ya tara su ne lokacin da kuɗin Udoji suka faɗo hannun ma'aikata a 1975, zamanin da kowane malamin makaranta ya sayi rediyo da keke. A ciki akwai na Shata da na Ɗan Maraya Jos, bugun kamfanin EMI. Kaset ya zo ya ture su, waya ta zo ta ture kaset, su kuwa suna nan cikin ƙura. Mai son jin su bai yi laifi ba. Matsalar ita ce ka san sunan abin, ba ka san abin ba.

Zauna in karanta maka, tunda Allah ya ba ka ubangida mai ilimi.

Garmaho mai aiki da lantarki yawanci iri biyu ne. Akwai mai bel, kamar injin niƙan bakin kasuwarku: inji yana gefe, roba tana jan farantin. Akwai kuma wanda injin yake zaune a ƙarƙashin farantin, sandar tsakiyar nan da ake zura faifai ita ce sandar injin, babu roba a tsakani. Kamfanin Matsushita na Japan ne ya fara fitar da wannan kasuwa a 1970 da sunan Technics SP-10, SL-1200 ya biyo baya a 1972. A nan dai hankalinka ya yi aiki, ko da bisa kuskure ne. A ƙasar da zafin bazara yake wuce digiri 40, robar bel saki take yi, ko ta narke ta manne, kuma ba za ka sami madadinta a Rabah ko Wurno ba. Marar bel shi ne namu.

Amma SL-1200 ba sa'an aljihunka ba ne. Samfurin MK2 na 1979 shi ne masu kiɗan gidajen rawa na Amurka da Turai suka rungume, don suna iya riƙe faifan da hannu su ja shi baya, su sake shi ya koma gudunsa nan take. Wannan suna da ya yi shi ya sa tsohonsa yake tsada har yau, balle da aka daina ƙera shi a 2010, kafin a dawo da shi a 2016. Wanda za ka tarar da araha kuwa, ka tabbata ya sha wuya a hannun masu raye-raye, an zuba masa lemo, an kayar da shi daga kan tebur. Kai me za ka ja baya? Shata za ka riƙe wa baki?

Ka nemi ƙannensa da ba su yi suna ba. Akwai SL-1500 na 1975, akwai SL-D2 da SL-Q2 da suka fito wajen 1979, akwai irinsu na Pioneer da Sony da Denon na wannan zamanin. Dukkansu marasa bel ne, kuma kunnen da ya saba da ƙarar injin ban ruwa a fadamar Rima ba zai taɓa jin bambancinsu da babban yayansu ba. Ka guji wanda yake yin komai da kansa, ya ɗaga hannu ya ɗora ya sauke. Na san irinsa ne zai burge malalaci kamarka, sai dai cikinsa cike yake da ƙananan haƙoran roba da man da ya daskare shekaru arba'in, kuma idan ya tsaya, mai gyaran rediyo zai buɗe ya dube shi ya mayar da murfi ya karɓi kuɗinka.

Idan ka isa wurin masu kayan Baljiyam, ko a Sabon Garin Kano ko a Alaba ta Legas in ƙafarka ta kai, kada ka fara da tambayar farashi, kada kuma ka bar su su ji ƙanshin albasa a rigarka. Ka juya bayan injin ka karanta. Wanda aka ƙera don Japan wutar 100 yake sha, na Amurka 120, tamu kuwa 230 ce. Ka soka na Japan kai tsaye, hayaƙi kawai za ka saurara. Ka nemi wanda ya zo daga Turai, ko mai makunnin sauya wuta. Daga nan ka sa a kunna. A gefen farantin akwai ɗigo-ɗigo a jere da wata 'yar fitila mai haska su. Idan gudun ya yi daidai, za ka ga layi ɗaya ya tsaya cak alhali farantin yana juyawa. Idan yana gaba yana baya, sau da yawa datti ne a maɓallin saita gudu, gyaransa ba wuya, sai ka rage kuɗi a kan haka, abin da ka fi kowa iyawa. Amma kada a gwada maka da janareto, don a wasu samfuran fitilar bugun wutar take bi, sai ta yi maka ƙarya. Sannan ka kama hannun da yake ɗauke da allura, ka motsa shi a hankali. In ka ji yana ƙwas-ƙwas a gindinsa, ko ka ga ya lanƙwashe, yi sallama ka wuce. Murfin da ya tsage ko fentin da ya koɗe ba komai ba ne, kai ma ai ba sabo ba ne.

Yanzu ga inda rowarka za ta kashe ka. Garmahon nan shi kaɗai ba ya magana. Muryar da allura take ɗaukowa siririya ce ƙwarai, sai an bi da ita ta amfilifaya mai ramin da aka rubuta wa PHONO, sannan ta fita ta sifika. Ka soka shi a akwatin kiɗan da yaranka suke haɗawa da waya, za ka ji Ɗan Maraya kamar yana waƙa daga Goronyo. Ita allurar ma sabuwa za ka saya, domin tsohuwa cin faifai take yi, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Nauyin da take sauka da shi wajen giram 2 ne, da ƙarfen bayan hannun ake saita shi. Na faɗa ne don na san halinka, kada in zo in tarar ka ɗaure mata kwabo da zare. Saboda haka ka raba kuɗin tun daga gida: kashi ɗaya na inji, kashi ɗaya na allura da amfilifaya da sitabilaiza. Wuta kam ba ya ci da yawa, 'yar solar da kake cajin waya da ita za ta iya, in akwai inbata.

Kafin duk wannan, buɗe kwalin ka tantance abin da ka sato. Manyan fayafayai masu faɗin inci 12 gudun 33 suke so, ƙanana masu inci 7 kuma 45. Amma a ƙasan kwalin akwai na kakanmu, masu nauyi, marasa lanƙwasuwa, waɗanda ake saurara da garmaho mai wani, mai allurar ƙarfe. Waɗannan gudun 78 ne, kuma MK2 ɗin da kake mafarki ba shi da wannan gudu sam, haka ma ƙannen da na lissafa maka. Allurarsu ma daban ce, ta fi kauri. Ka ware su gefe, kada ka jefar, in sun faɗi fashewa suke yi. Sauran kuma ka jera su a tsaye cikin ɗakin soro, ba ƙarƙashin kwano ba, in ba haka ba kafin watan Mayu su karkace, allura ta riƙa hawa da sauka. Ƙurar hunturu kuwa, ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi sun isa. Ban ce gefen rawaninka ba.

Wajen dawowa, ka cire ƙarfen bayan hannun, ka ɗaure hannun a mazauninsa, ka ɗora injin a cinyarka daga tasha har gida. Kada ka bar yaran mota su cusa shi a but tare da buhunan masara. Ranar da ya iso ka aiko yaro ya kira ni. Ni zan fara ɗora faifai, tunda na ubana ne, kai kuma ka share tsakar gida, ka shimfiɗa tabarma, ka sa a dama fura da nono mai yawa. Ladan wannan shawara zan cire shi daga kuɗin sharar da za ka zo karɓa ranar cika-ciki.