Rundunar Ɗan Yaye

Duk wanda ya ce rainon ɗan shekara biyu wahala ne bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai ƙarshen zance ba. Shi yaron aikinsa sananne ne: ya zuba gishiri a randa, ya ɓoye makullin babur cikin takalmi, ya kira duk wata dabba mai ƙafa huɗu "meee", har da dawakan hawan sallah. Da ya washe maka 'yan haƙoran nan, shari'a ta ƙare. Masu wuyar sha'ani su ne manyan da ke kewaye da shi. Daga Matsaro zuwa Yankoli a Haɗeja, daga Auyo zuwa Guri, duk gidan da ke da ɗan yaye yana da wannan runduna.

Shugabar runduna ita ce kaka. Wannan baiwar Allah da tsumagiya ta raine mu. A zamaninta harara ɗaya ta isa mutum ya haɗiye kukansa. Yau kuwa ɗaga wa jikanta murya ka gani. Sai ta ajiye carbi: "Kai! Kar ka kuskura ka taɓa mini miji." Mijin nan fa yana tsaye ba wando, hannu dumu-dumu da miyar kuka, ya gama yi wa bangon da aka shafa wa fenti ado. In mace ce, sunanta kishiya. Ana zaginta ta zo ƙwace tsoho, ana tura mata tsoka a baki. In kuma tsautsayi ya sa sunan mahaifinka aka raɗa wa yaron, ka shiga uku. Ba ka da bakin kiran sunansa sai "Abba", kuma da ka zaro ido za a tambaye ka: "Uban naka za ka daka?" Jingar da matasan Haɗeja suka yi da buhunan ƙasa a ambaliyar 2022 ba ta kai kaka iya tare hanya ba.

Gidanta ake kai yaro yaye domin ya manta da nono. Yakan manta da nono, ya haɗa da doka. Ya tafi yana shan koko lami lafiya, ya dawo ba ya karɓar komai sai tarwaɗa. Ka same su da hantsi a kan tabarma: tabarau a karan hanci, tana murza tsokar kifi tsakanin yatsu biyu tana laluben ƙaya, ta ɗaga ta duba a haske, ta sake murzawa. Shi kuma gogan ya wangame baki yana jira, in ta yi jinkiri ya dafa mata gwiwa: "Kaka, am!" Ƙullin bakin zaninta kuwa ba ya rabo da abin lasa. Ka hana shi alewa a tsakar gida, ya shige ɗakinta, ya fito kumatu a kumbure, ita kuma ta ce ba ta ga shigar kowa ba. Ba a cin ta a shari'a, kuma ba mai son ya ci, domin ranar da jikin yaron ya yi ɗumi, kowa zai gyangyaɗa ban da ita.

Mijinta na gaske shi ma yana da nasa. Ya ɗauki jikan abokin shawara. Ya zaunar da shi a zaure yana yi masa bayanin yadda kogi bai koma daidai ba tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, da yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa, da ɓarnar tsuntsayen jan-baki a gonakin shinkafa. Yaro ya ce "ba-ba-ba", tsoho ya buga cinya: "Ka ji ko! Abin da nake faɗa musu ke nan."

Sai maƙwabciya mai ma'auni. "Har yanzu bai iya haɗa magana ba? Ikon Allah. Ni nawa yana wata tara yake gudu." Mun san nata ɗin. Yana nan da gemunsa, rana ba ta taɓa fitowa ta same shi a farke ba.

Akwai kawu mai waya, wanda bai san yaro da komai ba sai abin ɗauka a bidiyo. Shi ya koya masa latsa allo, shi ya koya masa rawa. Ya daina ne ranar da ɗalibin nasa ya ga wayar ta yi ƙura ya taimaka ya wanke ta a bokiti.

Akwai yaya 'yar shekara bakwai, mai goyon da ƙafafunsa ke jan ƙasa. Ita ce tafinta, don ita kaɗai ke jin gwarancinsa, kuma abin mamaki kullum fassarar ɗaya ce: wai ya ce ya ƙoshi, ta cinye sauran biskit ɗin.

Sannan uba mai alkunya. A gaban iyayensa ko kallon ɗan fari ba ya yi, sunansa "yaron nan". Amma leƙa ɗaki bayan isha, za ka iske babban mutum a durƙushe yana haniniya, an kama wuyan rigarsa an mayar linzami. Hancinsa kuwa ya fi na kowa aiki: da iska ta sauya sai ya miƙa yaro da hannu biyu, "Ku zo ku karɓi ɗanku." Ba zan tsawaita a kan wannan bawan Allah ba, don gwiwoyina ba su daina ciwo ba.

Duk waɗannan dariya muke yi musu. Wadda ba na yi wa dariya ita ce gwanar "haƙori ne". Kowace unguwa tana da ita, wani lokaci ma namiji ne. Jikin yaro ya yi zafi rau, haƙori ne. Yana gudawa har idanu sun faɗa, haƙori ne. A ba shi jiƙo, a ɗaura masa guru, a jira. Uwa ta ɗauki mayafi za ta asibiti, a ce mata yarinta ke damunta, an haifi goma kafin a haife ta. Alhali a bakin fadama muke zaune. Da damina ruwa kwance yake ko'ina, sauro na cin kasuwarsa, kuma duk shekarar da kogi ya cika ya batse, ruwan sha ma sai ya gurɓace. Fitowar haƙori takan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da cizon duk abin da aka samu. Ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo zawon da ke zuƙe yaro. Gwajin zazzaɓin cizon sauro ɗigon jini ne da 'yan mintoci. Ruwan gishiri da sukari ba ya ƙarar da aljihu. Maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa duk wata da damina, ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, kyauta ne. Amma ita ce za ta ce a tura shi ƙarƙashin katifa, ita ce kuma mai tsorata yaro da "mai allura" har ya riƙa gudu in ya hango ma'aikatan lafiya. In abin ya zo da ƙarar kwana, ita ce ta farko a tabarmar gaisuwa, ta fi kowa iya ba da haƙuri.

Saboda haka, iyaye, ku bar kaka da tarwaɗarta, ku bar tsoho da abokin shawararsa, ku ce wa mai ma'auni Allah Ya raya. Amma ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi aka ce muku haƙori ne, ku gaishe ta da ladabi, ku goya ɗanku ku nufi asibiti. Allah Ya raya mana su, Ya shirya mana manyan.