Yadda Ɗan Zongo Zai Hau Raƙuman Ruwa Bana

Ɗan ƙanwata ne ya jawo maganar. Wata Juma'a bayan an sauko, ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, dubi abin da ake yi a Busua." Na duba, sai ga samarin Gana tsaye a kan wani dogon allo, teku yana gudu da su kamar an kwance doki. Ya ce shi ma bana sai ya koya, tunda ga teku nan a garinmu Allah Ya ba mu kyauta. Na ce madalla. Da yake ni ne babba, kuma na taɓa jiƙa ƙafar wandona a tekun Lome har sau biyu, ya zama dole in shimfiɗa masa hanya, shi da duk wanda zafin bazara ya fara taɓa wa kai.

Da farko kada wani ya ruɗe ka da cewa wasan Turawa ne. Bahaushen da ya fara ganin teku bai tsaya neman sabon suna ba. Ya dubi tozayen nan suna tafe ɗaya bayan ɗaya, ya ce raƙuman ruwa ne, guda kuma taguwa. Ke nan gado ne, ko da yake kakanninmu fataken Gwanja jakai suka fi kora. Bambancin kaɗan ne: raƙumin tudu shi ke durƙusawa ka hau, na ruwa kuwa kai yake durƙusarwa.

Sai batun allo. Ka yi hattara da wanda za ka tambaya, don in Malam ya ji kana neman allo zai yi zaton ka dawo karatu ne, kafin ka yi bayani ya aika a dafa tawada. Allon hawan ruwa na ɗan koyo ya fi mutum tsawo, ba shi da nauyi, akwai ɗan fiffike a ƙarƙashinsa, akwai kuma igiyar da ake ɗaurawa a idon sawu don kada ku rabu ba sallama. A kasuwar Asigame za ka sami atamfa kala-kala har idonka ya gaji, amma wannan kaya ka fi kusa da samunsa in ka haye Aflao ka nausa cikin Gana. Kada ka ciro ƙyauren ɗakin Hajiya. Na san zai yi iyo, amma kai ne ba za ka sake kwana a gidan ba. Goran masuntan Argungu ma ka bar shi, a kogin Matan Fada yake da sarauta.

Da a ce kafin 1977 ne, da sai ka saɓa allonka ka taka da ƙafa, domin a lokacin Zongo a tsakiyar birni yake, iskar teku tana shigowa har tsakar gida. A shekarar ce aka tashe mu aka kawo mu nan Agoè, kusan kilomita 15 arewa, benayen bankuna suka gaje mana wuri. Tsofaffinmu har yanzu in suka ce "Zongo" sai ka tambaye su wanne. To yanzu sai zemijan. Mai babur zai dubi allo ya dube ka, ya ce kuɗin mutum biyu ne. Kada ka yi gardama, gaskiya ya faɗa. Ka riƙe allon a tsaye daidai da tsawon babur. In ka gicciye shi a kan babban titin arewa, tsakanin manyan motocin da ke lodin Burkina da Nijar da Mali, iska za ta koya maka hawan tun ba ka ga ruwa ba.

Idan ka isa, kada ka tuɓe riga tukuna. Sayi kwakwa ka zauna ƙarƙashin bishiyarta, ka dubi ƙarafunan tsohuwar gadar jiragen ruwan nan da suka miƙe cikin ruwa, sun yi tsatsa kamar haƙoran mai cin goro. Jamusawa sun gina gadarsu a 1904 saboda raƙuman nan sun hana a sauke kaya lafiya, sai a kwale-kwale, shi ma yana kifewa. A 1911 teku ya karya ta. Ƙarfe ne fa, aikin Jamus. Faransawa suka yi tasu a 1928, ita ma aka yi ritaya da ita bayan an buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 1968. Ka auna wannan da ƙashin haƙarƙarinka, wanda koko da ƙosai suka gina.

Abin da ke faruwa shi ne, gaɓar Lome ba ta gangara a hankali. Taku kaɗan ka yi ƙasa ta zurma, don haka taguwa ba ta samun filin da za ta kwanta ta yi doguwar tafiya irin ta cikin waya. Tana zuwa da ƙarfinta tun daga kudancin Atlantika, ta miƙe tsaye daf da baki, ta faɗo gaba ɗaya kamar katangar laka a damina. Hawan da za ka yi bai kai tsawon atishawa ba. Bayan nan sai wanki: ta juya ka, ta cuɗa ka da yashi, ta cika maka kunne da wando, ta tofo ka gaban masu tallan gyaɗa. Wannan in ta so ka ke nan. In ba ta so ka ba, ruwan da ya hau tudu shi ne zai koma da ƙafafunka. A nan raha ta ƙare na ɗan lokaci: duk wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman tudu kai tsaye, ƙarfinsa zai ƙare. Ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar jan, yana ɗaga hannu. Wanda bai iya iyo ba kuwa, iyakarsa idon sawu, ko abokai sun kira shi matsoraci.

Ka kuma lura ruwan yana tafiya gabas. Ka shiga daidai Kodjoviakopé, ka ɗago kai ka ga takalmanka sun koma can yamma, ba ɓarawo ba ne, kai ne aka ɗauka. Haka yake kwasar yashi ma. Katangar tashar jiragen ruwa ta tare shi, shi ya sa bakin tekun cikin gari ya yi faɗi har ana ƙwallo, gabas kuma, wajen Baguida da Avépozo har Aného, teku yana cin ƙasa, ya haɗiye gidaje da tsohon titi. Can akwai wani dutse shimfiɗe da zaizaya ta tono. Mai son goshinsa ya tambayi masunta kafin ya yi tsalle. Gara ma ka kama musu igiyar taru ku ja tare, ka koyi gaisuwa biyu da Ewe, watakila ka dawo gida da kifi.

Game da lokaci, Maris da Afrilu ruwan da ɗumi kuma raƙuman ba su gama ƙoshi ba. Daga Yuni zuwa Agusta suke cika girma, lokacin da hunturun kudancin duniya ke turo su, ruwan ma ya yi sanyi. Ranar 27 ga Afrilu, bikin 'yancin kai, kada ka je koyo. Rabin gari yana bakin teku, kuma a cikinsu ba za a rasa wanda ya san surukarka ba.

Labarin unguwa kuma, ga shi a taƙaice kamar yadda ake yinsa a majalisar mai shayi: mangwaro ya shigo, fanka tana hura wuta, masu aure suna rige-rigen ɗaurawa kafin ruwa ya sauka, masu kiwo suna kai-kawo Adétikopé suna jin farashi. Babban labari shi ne hadari ya fara haɗuwa, kuma kwatar layinmu tana nan yadda muka bar ta bara, cike da leda. An yi shawara sau uku a ƙofar masallaci, an tsayar da ranar gayya, ranar ta zo kowa yana da suna ko ta'aziyya. Wanda ya ga ambaliyar 2008, da kogin Zio ya cika ya lalata gadar Togblékopé, ya san ba sai mun biya zemijan mu je wa ruwa ba. Shi yake zuwa mana har ɗaki, ba sallama, ya tafi da buta da takalmin liman.

Na gaya wa yaron duk wannan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, allon fa?" Na shiga zaure na ɗauko masa shebur, na ce ya fara gwada tsayuwa da wannan a bakin kwata ranar Asabar da safe. Ya ce Asabar ɗin yana da suna.