Ku Gama Dariyar, Sai Mu Tafi Mutum Biyu

A Jalingo, ka ce kana binciken inda sojoji suka kafa asibitin tanti lokacin yaƙi da inda suka binne matattunsu, ka ga yadda majalisar mai shayi za ta kaure. Baffa zai ajiye kofi ya ce, "Yaro, wane yaƙi? Ba a Bama aka yi shi ba?" Wani daga ƙarshen benci zai kashe ido ya ce ai shi ya gane, dukiyar da Jamusawa suka binne ake nema, kabari kawai aka fake da shi. Wannan na biyun, Allah ya ba ka haƙuri, ko jan mekuri ɗin ma ba za mu raba da kai ba.

Baffa, ranka ya daɗe, Bama yaƙi na biyu ne. Na farkon har ƙofar gida ya zo mana. A 1914 Gashaka da tsaunin Mambila ƙasar Kamaru ce ta Jamus, sai bayan ƙuri'ar 1961 suka zama namu. A ƙarshen Agustan 1914 rundunar Ingila ta tashi daga Yola ta afka wa Garwa, ta sha kashi, kwamandanta Maclear ya mutu a can. A Satumba Jamusawa suka taɓa Takum. A Afrilun 1915 suka kai hari Mutum Biyu, nan hanyar Wukari inda kake tsayawa sayen kifi, sannan ranar 29 ga watan suka far wa Gurin. Garwa ba ta faɗi ba sai a Yuni, bayan an hauro da babbar igwa ta Binuwai. A Nuwamba aka yi na dutsen Banyo. To, duk waɗanda harsashi ya samu a waɗannan wurare, kana jin asibitin tarayya na Jalingo aka kawo su?

Asibitin fagen daga ba gini ba ne, shi ya sa mai gardama ke samun bakin magana. Tanti ne ko rumfar ciyawa, da likita, da akwatin kwinin da bandeji, kusa da ruwa da inuwa. Runduna ta tashi, shi ma ya tashi. Abin da ba ya tashi shi ne wanda aka binne a bayansa. Kuma ba harsashi kaɗai ke kai mutum can ba, atini da ciwon huhu da zazzaɓi sun yi ta kwasar 'yan dako, waɗanda aka tattaro daga ƙauyuka suka ɗauki albarusai da abinci da majinyata a ka da kafaɗa. Hafsa Bature akan sa masa dutse da suna. Ɗan dako kuwa tudun ƙasa ne, damina uku ta shafe shi.

Na ji ka, Malam. Wanda ya mutu ya mutu, addu'a yake bukata ba rajista ba. Gaskiya ne, amma addu'ar ma ta fi daɗi idan ka san kakan wa kake yi wa. Su kansu masu hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila sun fitar da rahoto a Afrilun 2021, suka amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, ba a tuna da su da suna ba, akasarinsu 'yan Afirka. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri. Wanda ya yi laifin ya ji kunya, kai jikan mai kayan kana tambayar ko akwai alawus.

Aikin kansa ba tsafi a ciki. A duba fayilolin Lardin Muri a taskar tarihi ta Kaduna, a nemi littattafan da rundunoni ke rubuta abin da ya faru kullum, waɗanda ke ajiye a Kew ta Landan, a karanta sunayen da ke jikin dutsen tunawa na Lokoja da na Zariya. Takarda dai ta fi sanin Bature. Sauran labarin yana bakin tsofaffi a Ibi da Takum da Gashaka, inda kufan ganuwar Jamus yake har yau: wace gona ce ba a noma gefenta, wane gindin tsamiya ne aka hana yara wasa. Sai ka fara gaida jauro, ka nemi izini, kuma ba a zuwa da diga ko shebur.

Mai neman dukiyar Jamus, ka ji wannan na ƙarshen ko? Idan har yanzu kana son zuwa, akwai wuri a mota, amma kai za ka ɗauki jarkar ruwa daga tasha har gindin dutse.