Mu da Hoton Rana Tsaka

Ranar Sallah, da an sauko daga idi, layinmu kaf yakan koma gidan hoto. Kowa ya sha farar shadda, a jeru a ƙofar gida rana na dukan tsakiyar ka, a miƙa wa yaro waya a ce ya danna. In hoton ya fito, rigar ta yi fari fat har ba a ganin aikin wuyan da aka zuba wa kuɗi, inuwar hula ta cinye idanu, ga turken wuta ya tsiro a kan Alhaji. Sai mu yi tsaki mu ce wayar ce ba ta da kyau.

Wannan hirar ce ta taso a majalisarmu ta gindin dalbejiya ranar da maƙwabcinmu ya iso da kyamara rataye a wuya, Canon 600D ta hannu, yana tafiya kamar wanda ya dawo daga Makka. Kafin ya zauna wani matashi ya tare shi.

"Yaya, megafiksel nawa ce?"

"Sha takwas."

"Kai! Wayata ɗari da takwas ce. An cuce ka."

Baba mai hoto, wanda ya fara sana'ar tun ana sa fim mai ɗaukar hoto 36 a kai wanki a jira kwanaki, ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarar nan ya ninka na waya sau da yawa, shi ya sa da daddare take gani inda waya ke lalube. Sannan ya karɓi wayar yaron ya juya bayanta. Gilashin duk maiƙon ƙosai. "Ɗana, goge wannan tukuna, sai mu yi maganar ɗari da takwas."

Mu dai haka muke. Mun san sunan kowace kyamara da farashinta, amma ba mai ɗaga kai ya duba inda rana take. Baba ya ce kyamara auna haske take yi, farin kaya kuma ruɗa ta yake: ta ga fari ya cika wuri, ta zaci haske ya yi yawa, ta rage, fuskar baƙin mutum ta nutse. Maganin bai kai kuɗin shayi ba. A shigar da mutum bakin zaure ko inuwar katanga, ya fuskanci waje, haske ya sauka masa a fuska a hankali. Mai waya ya taɓa fuskar a allo kafin ya danna, mai kyamara ya ƙara haske mataki ɗaya. In kuwa da hali, a haƙura sai la'asar sakaliya, lokacin da rana ta kwanta ta yi ja, har katangar ƙasa ma kyau take yi. Amma wa zai jira? Kafin la'asar an kai gaisuwa gida biyar, shadda ta yamutse, miyar kaji ta sa hannu a gaban riga.

Maƙwabcin ya ce shi dogon lens zai saya, irin na 'yan jarida a filin ƙwallo. Baba ya girgiza kai. Ya ce ya riƙe 18-55 ɗin da ta zo da shi har ya san hannunsa, in kuɗi sun samu ya nemi 50mm mai f/1.8. Ƙarami ne, yana cikin mafi araha, yana shan haske a ɗakin amarya ba sai an kashe wa mutane ido da filasha ba, kuma yana narkar da bayan mutum, ta yadda bokitin wanki da igiyar shanya ba za su shiga tarihi ba. Batir na biyu da memori na biyu kuwa, ya ce sun fi dogon lens amfani a garin da ake ɗauke wuta ba sallama.

Da aka zo kan Hawan Daushe sai murya ta tashi, don kowa yana da hoton doki a wayarsa, kuma duk dokin kamar aljani, ba kai ba ƙafa. Baba ya ce dokin da ya taho jahi a Ƙofar Kudu ba ya tsayuwa a hoto sai an sa saurin ƙiftawar kyamara ya kai 1/1000, ISO kuma a bar shi ƙasa tunda rana ta wadata. Ya ja kunne a kan ƙura: kada a kuskura a cire lens a wurin hawa ko a cikin hazon hunturu, domin ƙwaya ɗaya in ta shiga, ɗigonta zai bi kowane hoto. Kada a hura da baki, kada a goge da hannun riga. Da damina kuma a jefa 'yan ƙullin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi a jakar kyamara, su tsotse danshi kafin gilashi ya yi fumfuna.

Ni abin da ya fi ci mini rai ma shi ne turawa. A sha wahala a ɗauki hoto garau, a jefa a WhatsApp ya matse shi, wancan ya tura wa wancan, kafin ya isa wurin Gwaggo ya zama kamar an ɗauka ta cikin labule. Alhali in aka tura shi a matsayin fayil, yadda yake haka zai isa. Sai kuma ɗabi'ar ɗaga waya a taron biki a kan matan mutane ba neman izini, wadda Baba ya ce a zamaninsu mari take jawowa.

Ana cikin haka rana ta sunkuya, haske ya zubo ta ƙarƙashin dalbejiya. Baba ya miƙe. "To ga shi nan, ku tashi." Muka tashi muka jeru, ƙirji a gaba, fuska a murtuke kamar masu neman aikin soja. Ya yi ta fama a saki jiki, har sai da mai shayi ya tuna wa wani bashinsa aka fashe da dariya. "Yanzu! Danna!" Maƙwabci ya danna, ya sake dannawa, ya ƙura wa allon ido.

"Baba, wai me take nufi da babu kati?"