Mai Ƙaiƙayi a Gaban Kantar Kemis

Maganin shafawa iri huɗu ne aka fi samu a kemis: mai maiƙo, kirim, loshan da jel. Sau da yawa sinadarin cikinsu ɗaya ne, yawan mai da yawan ruwa ne ya raba su. Mai ƙaiƙayi kuwa babu ruwansa da wannan lissafi, hannu ɗaya na susa, ɗaya na nuna kwalin da ya fi ƙyalli.

Mai maiƙo, dangin basilin, kusan duka mai ne. Yana tsare danshin fata, shi ya sa ya dace da kaushi da faso lokacin hunturu. Whitfield na makero ma a wannan sahun yake. Amma wanda ya lafta shi a zafin Afrilu, ya ɗora farar shadda ya tafi ɗaurin aure, kafin a shafa fatiha kowa ya san inda ciwonsa yake.

Kirim gaurayen mai da ruwa ne, fata na shanye shi da wuri, ya kuma fi dacewa da hammata da matsematsi. Tarkonsa shi ne irin wanda aka haɗa da sitiroyid kamar Clobetasol. Ƙaiƙayi ya lafa, mai shi ya yi ta sa albarka, makero na faɗi a hankali, wurin kuma ya yi haske. Daga nan 'yan majalisa su fara raɗa cewa Alhaji ya shiga bilicin.

Loshan ruwa-ruwa ne, na wuri mai faɗi ko mai gashi. Calamine na farankama sai an girgiza, in ya bushe kuma magidanci ya koma kamar wanda ya kwana a injin niƙa. In ya manta ya fito amsa sallama, baƙo ne zai fara ja da baya. Benzyl benzoate na ƙazuwa kuwa, da ya taɓa inda aka sosa, dattijo kan tuna rawar samartaka.

Jel ba shi da maiƙo, yana bushewa nan take, ana amfani da shi ga ƙurajen fuska.

Wajen awo kuwa, matsin magani daga kan ɗan'ali zuwa gaɓar farko, wajen rabin giram, ya ishi faɗin tafin hannu biyu. Mai saye ya nuna wa likita ko masanin magunguna ciwon tukuna, sannan ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar maganin.